Wata takwas da Signal a wayata, ga abin da na gani

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun kwanakin baya wasu ke tambayata wai manhajar nan mai shuɗin tambari da nake ta cewa a sauke, Signal, da gaske ta fi WhatsApp rufa asiri ko dai yayi ne kawai, nace a'a bari dai in daɗe ina amfani da ita kafin in buɗe baki, toh yau wata takwas kenan cif, ga abin da na gani mai daɗi da marar daɗi. Amma sai na fara da abin da ya kai ni, dan in ban faɗe shi ba sauran maganar ba zata zauna daidai ba.

Wata ƙawata ce, irin ƙawar nan da kuka taso tare har iyaye sun san juna, ta turo min saƙo wajen ƙarfe ɗayan dare. Hoton takardar sakamakon gwajin asibiti ne, a ƙasa ta rubuta "ke kaɗai na faɗa wa, ko Umma ban faɗa mata ba tukuna, so nake in ɗan samu natsuwa". Na karanta jikina ya mutu, bacci ya gagare ni, da asuba zuciyata ta raya min ai abu irin wannan addu'a yake so, sai na yi sikirinshot na tura wa mutum ɗaya tak, wata ƙawarmu, nace dan Allah ki saka ta a addu'a kuma kar ki faɗa wa kowa. Wallahi iyakar niyyata kenan. Ita ma da kyakkyawar niyya ta tura wa yayarta, kafin kwana biyu abin ya faɗa guruf ɗin danginsu, Umman a wayar wata ta gani. Sunan ƙawata a sama, hotonta a gefe, takardar ɗauke da cikakken suna da ranar haihuwa da lambar katin asibiti, har layin nan da ta ce ko Umma bata faɗa wa ba yana nan a ƙasa kowa na karantawa. Da ta kira ni bata ɗaga murya ba, da ma faɗa ta yi da ya fi min sauƙi, cewa kawai ta yi "haba 'yar uwa, ke ma?" sai ta yi shiru ina jin numfashinta, daga nan ta kashe.

Ba laifin WhatsApp bane wannan, yatsana ne ya danna, kuma babu manhajar da zata hana ni a ranar. Sai dai bayan abin ya faru na zauna na buɗe wayata ina bin tsofaffin hirarraki ɗaya bayan ɗaya, abin da na tarar ya tsorata ni. Hoton katin shaidar ƙanina da ya turo tun shekarun baya dan in cike masa wani fom, lambar asusun banki na mutane da yawa, saƙon murya na wata tana kuka tana ba ni labarin aurenta, hotunan yaran mutane da kayan makaranta sunan makarantar ɓaro-ɓaro a ƙirji. Duk amanar mutane ce, kuma duk tana kwance a waya ɗaya da yara ke ɗauka su yi gem, wadda zan iya mantawa a mota gobe. Ƙanin nawa ne ya ce "Yaya ki gwada Signal mana, ko dan saƙon da ke goge kansa".

Saukewa babu wahala, tana Android tana iPhone, akwai ta kwamfuta ma amma sai ka haɗa ta da ta wayarka. Abu na farko da ya ɗan sare min gwiwa shi ne ita ma sai ka ba ta lambar waya ta turo maka lambobi ta tes kafin ka shiga, nace toh manhajar sirri kuma da neman lamba? Har yau wannan na damuna zan dawo kansa. Bayan nan sai ta ce ka ƙirƙiri lambar sirri da suke kira PIN, ka sa suna, ba dole sunanka na gaskiya ba, shikenan ka shiga. Fuskarta fes, babu talla, babu shafukan mashahurai da ake cusa maka, hira ce da kira da ɗan wurin sitatus irin nasu wanda in baka so zaka iya kashe shi gaba ɗaya ya ɓace daga idonka, ni ranar farko na kashe. Duk wanda ya iya WhatsApp ya iya wannan, saƙon murya, kiran bidiyo, sitika, guruf har na mutum 1000, duk akwai.

Ni mutum ce da in aka ba ni abu kyauta sai na tambayi waye ke biya, dan banza bata kai zomo kasuwa. Abin da na samu shi ne Signal ba ta kamfanin neman riba bace, gidauniya ce ke riƙe da ita a Amurka, an kafa gidauniyar a 2018, kuma abin da ya ba ni mamaki ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Brian Acton, shi ne suka ƙirƙiri WhatsApp tare da Jan Koum a 2009. Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan kusan dala biliyan 19, Acton ya bar wurin a 2017, ya zo ya zuba dala miliyan 50 suka tada gidauniyar shi da Moxie Marlinspike, wanda dama shi ne ginshiƙin fasahar. Yanzu Meredith Whittaker ce shugabarsu tun 2022. Da gudummawar jama'a suke tafiya, kuma a ƙarshen 2023 da kansu suka fito suka ce kuɗin tafiyar da manhajar zai kai kusan dala miliyan 50 a shekara, har suka nuna cewa tura lambobin rajista ta tes kaɗai na cin wajen miliyan 6. Wannan buɗe ciki da suka yi ya kwanta min, ko da yake yana sa ni tunanin ranar da masu bayarwa suka gaji ya za a yi, shi ya sa in ta ɗan tuna min da batun gudummawa bana jin haushi.

Ga wurin da mutane da yawa ke ruɗewa, ni ma na ruɗe da farko. Kullen da ke kan saƙon WhatsApp, wanda ke rufe saƙo tun daga wayar mai turawa ba a buɗe shi sai a wayar mai karɓa, na Signal ne suka ɗauka, sun gama sa shi ga kowa a watan Afrilun 2016. Wato in maganar abin da ke cikin saƙo ne, kamfanin Meta ma, wato Facebook mai WhatsApp, baya iya karanta hirarka, wannan gaskiya ce a faɗe ta, kar a riƙa tsorata mutane da ƙarya. Bambancin yana bayan ambulan ne. Ka ɗauka wasiƙa ce an liƙe ta da kyau, masinja bai san me ke ciki ba amma ya san waye ya aika, wa aka aika wa, ƙarfe nawa, sau nawa a mako, daga wace waya. In mace tana yi wa lambar likitan mata saƙo kullum da dare, ko mutum ya fara kiran lauya sau uku a rana, ai ba sai an buɗe wasiƙar ba an gane labarin. Irin wannan sawun ne WhatsApp ke tattara da dama daga ciki, kuma kamfanin da ya mallake shi da talla yake ci. Masu tunawa zasu tuna hayaniyar Janairun 2021 da WhatsApp ya ce a amince da sabbin sharuɗɗa ko a rasa asusu, mutane suka yi ta tururuwa zuwa Signal har ta ɗan tsaya saboda cunkoso, dole aka ɗage wa'adin daga 8 ga Fabrairu zuwa 15 ga Mayu. A Satumbar shekarar kuma hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci WhatsApp tarar yuro miliyan 225 kan rashin yi wa mutane gamsasshen bayanin yadda ake juya bayanansu.

Ita Signal hujjarta da ta fi gamsar da ni ba tallar baki bace. A 2016 wata kotu a jihar Virginia ta Amurka ta aika musu sammaci su miƙa bayanan wasu masu amfani da ita, abin da suka iya bayarwa biyu ne, ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya hau, babu sunayen abokan hira, babu guruf, babu komai, saboda basu ajiye ba tun farko. Abin da baka riƙe ba ko an matsa maka ba zaka iya miƙawa ba, ko ɓarawo ya fasa rumbun ba zai samu ba.

Yanzu abin da ya riƙe ni har wata takwas, saƙo mai goge kansa. WhatsApp ma yana da shi, awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, amma na Signal ya fi laushi a hannu, daga daƙiƙa 30, minti 5, awa ɗaya, awa 8, kwana ɗaya, mako ɗaya har mako huɗu, ko ka saita naka lokacin da kanka, kuma a wajen mai karɓa agogon baya fara tafiya sai ya buɗe saƙon ya gani. Na shiga saiti na sa duk sabuwar hira ta fara da mako ɗaya. Kwanakin farko abin ya min wani iri, in koma neman wata magana in tarar wayam, har na ɗan ji kamar an min sata. Daga baya na gane ai haka hira take tun asali, in kun zauna da mutum kun yi magana kun tashi, abin da ya zauna a zuciya ya zauna sauran iska ta ɗauke, mu ne muka saba da tara kowace kalma ta shekara biyar a aljihu kamar masu haɗa shaidar kotu. Ranar da ƙanina ya sake buƙatar turo min hoton katinsa, na mayar da agogon hirarmu minti 5, ya turo, na kwafi lambar a fom ɗin, ina kallo ɗan da'irar agogon da ke gefen hoton tana cinyewa a hankali har hoton ya ɓace a wayata da tasa, wallahi sai na ji kamar an sauke min kaya daga ka. Kuma in ɗayanku ya canza lokacin sai ta rubuta a tsakiyar hirar kowa ya gani, babu yi a ɓoye. Abin da ya fi, ya gyara min hali ta wata hanya, dan duk wanda ya ga alamar agogon nan ya san mai maganar baya so ta yi yawo, ta zama kamar mutum ya rage murya ya matso kusa da kunnenka.

Sai maganar lamba. Yadda na saba a guruf ɗin WhatsApp, da zarar an jefa ka ciki mutum ɗari biyu da baka sani ba sun ga lambarka, mata sun san abin da ke biyo baya, "slm" da tsakar dare daga baƙuwar lamba, kiran bidiyo babu sallama babu dalili. Kuma lamba ba ƙaramin abu bace yanzu, ita ce a banki, ita ce a Facebook, ita ce mabuɗin kusan komai, ku tuna Afrilun 2021 da aka watsa bayanan masu Facebook miliyan 533 a intanet har da lambobin waya. Tun 2024 Signal ta kawo sunan laƙabi, ka zaɓi suna ka ƙara masa aƙalla lambobi biyu a ƙarshe, shi zaka ba baƙo maimakon lambarka, in kun gama abin da ya haɗa ku ka canza shi. Wanda bashi da lambarka a wayarsa ba zai ganta ba ko kuna guruf ɗaya, kuma akwai inda zaka saita cewa ko mai lambar taka ba zai iya nemo ka da ita ba. Na gwada da wata da muka haɗu kan wani aiki na mako biyu, muka yi komai muka gama bata san lambata ba ban san tata ba, babu wanda ya ji an raina shi.

Hotuna kuma akwai wani ɗan abu da nake so ƙwarai. Kafin ka tura hoto akwai alamar da zaka taɓa ta dusashe fuskokin da ke ciki da kanta, in ta tsallake wata ka goga da yatsa, tun watan Yunin 2020 suka kawo shi lokacin zanga-zangar kisan George Floyd a Amurka dan kare fuskokin masu fita. Ni ba zanga-zanga nake ba amma kusan kullum ina amfani da shi, hoton yarana da yaran maƙwabta a ciki sai in dusashe na maƙwabtan tunda ban tambayi iyayensu ba, bajen makaranta a riga, lambar mota a baya, lambar gida a jikin ƙofa, suna a kan takarda. Sannan da yawa basu san hoton waya na iya ɗauke da ɓoyayyen bayani a cikinsa ba, irin wayar, lokaci, har daidai inda aka tsaya aka ɗauka in an bar GPS a kunne. A Disambar 2012 John McAfee, mai manhajar kashe bairos ɗin nan, yana ɓuya 'yan sandan ƙasar Belize na nemansa da tambayoyi, 'yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka sa hotonsa a intanet basu cire wannan bayanin ba, nan take mutane suka gano yana Guatemala, ba a jima ba aka kama shi. Signal na cire wannan bayanin in ka tura hoto, a yi adalci WhatsApp ma yana cirewa in a matsayin hoto ka tura, amma in ka tura shi a matsayin dokumen dan kar ya rage kyau toh da kayansa yake tafiya, a kula da wannan.

Toh yanzu ɓangaren haushi, dan akwai shi.

Babba shi ne babu mutane. Cikin duk lambobin da ke wayata waɗanda na tarar a ciki basu cika yatsun hannu biyu ba, wasu ma sun sauke tun 2021 sun watsar, ka tura saƙo ya kwana uku da alama ɗaya. Na yi ta lallashi, na ce wa yayarmu babba "Yaya dan Allah ki sauke ko dan maganganun gida", ta ce "ke ni wayata ta cika, kuma me nake ɓoyewa?" Wannan tambayar ta me nake ɓoyewa na ji ta ya fi sau goma, kuma amsar da nake bayarwa ita ce ba naki kaɗai bane a wayar, akwai na waɗanda suka yarda da ke. Wasu sun ji wasu basu ji ba. Dan haka maganar gaskiya ban goge WhatsApp ba, can aiki yake can dangi suke, duk wanda ya ce muku zaku koma Signal ɗungurungum cikin mako guda bai gwada bane.

Na biyu ajiyar saƙonni. Saboda basa riƙe hirarka a rumbunsu yadda aka saba, in waya ta faɗa ruwa ko aka sace baka shirya ba, hirar ta tafi kenan. Canza waya kuma, in baka yi ajiya ba, sai tsohuwar na hannunka ka tura daga wannan zuwa waccan. A Satumbar 2025 sun fara kawo tsarin ajiya mai kulle wanda kai zaka kunna da kanka, sai su ba ka mabuɗi mai haruffa 64 ka adana, in ka ɓatar da shi su kansu basu da yadda zasu yi maka. Na gane dalilin kuma na yarda da shi, amma ina tunanin mahaifiyata da haruffa 64, gaskiya ba kowa aka yi wa wannan ba.

Na uku ya fi ci min rai dan ya shafi abin da ya kawo ni. WhatsApp tun 2018 yake sa alamar cewa turo saƙo aka yi ba mai shi ya rubuta ba, bayan jita-jitar satar yara da ta yi ta yawo a Indiya har aka kashe mutanen da basu ji ba basu gani ba, ya taƙaita turawa zuwa hira biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya riga ya sha yawo sai hira ɗaya-ɗaya, da kibiya biyu a kansa. A Signal in aka turo maka saƙon wani babu wata alama, zuwa yake kamar daga bakin mai turowar ya fito. Ta fuskar sirri na san ba sa son bin sawun saƙo, amma ta fuskar hana ƙarya yaɗuwa wannan gibi ne, dan ita alamar nan ko ba komai tana sa mutum ya ɗan dakata ya ce daga ina wannan ya fito.

Sauran ƙanana ne. A wayata wani lokacin saƙo baya shigowa sai na buɗe manhajar, sai da na cire ta daga tsarin tattalin batir ta daidaita. Tana yawan cewa in sake shigar da PIN dan kar in manta, da farko ya dame ni yanzu na saba. Kuma PIN ɗin nan kar a yi wasa da shi, a shiga saiti a kunna kullen rajista, dan a Agustan 2022 an yi wa Twilio kutse, kamfanin da ke tura musu lambobin tes, abin ya taɓa masu Signal kusan 1,900, ba a ga saƙon kowa ba amma an samu damar yunƙurin ɗora lambar wani a wata waya, kullen rajistar nan shi ke tare irin wannan. Kun ga dai dogaro da lambar waya da na yi ƙorafi a kai tun farko, ga inda ya kai.

Akwai labarin da tun da na ji shi nake ganin kaina a ciki. A watan Maris na 2025 manyan jami'an gwamnatin Amurka suka buɗe guruf a Signal suna tattauna harin da zasu kai wa 'yan Houthi a Yaman, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance na ciki, sakataren tsaro Pete Hegseth na ciki, sai mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Mike Waltz ya jefa Jeffrey Goldberg, babban editan mujallar The Atlantic, cikin guruf ɗin bisa kuskure. Ɗan jarida na zaune yana karanta lokutan da jirage zasu tashi tun kafin bam ya sauka ranar 15 ga wata, ranar 24 ya buga labarin duniya ta ɗauka. Wasu suka yi ta cewa an fasa Signal, alhali babu wanda ya fasa komai, kullen na nan daram, da hannu aka buɗe ƙofa aka shigo da baƙo kuma duk manyan nan babu wanda ya duba jerin 'yan guruf ya ce wannan waye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga nan duk guruf ɗin da nake, a kowace manhaja, kafin in tura abu mai nauyi sai na buɗe jerin mutanen na karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma sau biyu ina tarar da lambar da babu wanda ya san mai ita.

Haka batun sikirinshot, kar wani ya ruɗe ku. Akwai saitin da ke hana ɗaukar hoton allo a Android amma wayarka kaɗai yake tsarewa, baya hana wanda ka tura wa ɗauka a tasa. Akwai hoton gani sau ɗaya, ya buɗe ya rufe ya tafi, amma mai waya biyu sai ya ɗora ɗaya a kan ɗaya ya ɗauka. In kuma an dasa wa wayar kanta manhajar leƙen asiri irin Pegasus, toh ana karanta saƙon ne bayan an buɗe shi a allonka, babu kullen da zai yi magani. Ni na kunna hana sikirinshot ɗin a wayata duk da haka, ba dan tsoron kowa ba, dan hannuna, in zuciya ta sake raya min irin ta wancan asubar in tarar da ƙofa a rufe ko na minti ɗaya ne in dawo hayyacina.

Masu cewa ai Telegram ma haka take, a'a ba haka take ba. Hirar yau da kullum a Telegram da duk guruf-guruf ɗinta basu da wannan kullen na waya zuwa waya, sai ka buɗe hirar sirri da kanka kuma tsakanin mutum biyu kawai take aiki. Tana da amfaninta wajen tashoshi da manyan fayil, amma ba wurin kai amana bace.

In maki ake so, wajen rufa asiri na ba ta tara cikin goma, ɗayan na riƙe saboda lambar waya. Wajen sauƙin zama da ita kullum shida, saboda ƙarancin mutane da wahalar ajiya. Wanda aikinsa amanar mutane ce, likita, nas, lauya, ɗan jarida, malamin da ɗalibai ke kai wa kuka, mai sasanta ma'aurata, ina ganin bai kamata a ce bashi da ita ba. Sauranmu kuma ko mutum uku ne ka jawo, waɗanda kuke maganar da ba ta kowa da kowa ba, ya isa a fara, ni da huɗu na fara yanzu mun kai tara.

Ƙawar tawa ta ɗauki kusan wata uku bata ɗaga wayata, na je har gida na ba ta haƙuri gaban Umma, ban kawo wani uzuri ba dan babu. Tana shan magani yanzu kuma jikin da sauƙi Alhamdulillah. Watan jiya da dare sai ga sanarwa ta shigo, ita ce a Signal, ashe ƙanina ta tambaya ya ba ta sunan laƙabina. Kafin ta rubuta komai na ga layi ya fito a tsakiyar hirar cewa ta saita saƙonni su goge bayan awa ɗaya, sannan ta rubuta "kina nan? gobe zan koma ganin likita, ki raka ni". Nace ina nan, ƙarfe nawa zan zo.